Dusar ƙanƙara ta riga ni shiri, ga kaji ga lambu

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekararmu ta biyu ke nan a jihar Minesota ta Amurka. Bana na fara kiwon kaji shida a bayan gida, ga ɗan lambu na tumatir, tattasai, kuɓewa, karas da kabeji. Jiya muka wayi gari dusar ƙanƙara ta rufe ko'ina, alhali watan Oktoba ko ƙarewa bai yi ba. Kajin sun ƙi fitowa, biyu gashinsu sai zuba yake yi, ƙwai ya ragu. Na sayo leda zan toshe akurkin, in rataya musu fitilar ɗumi. Me kuma ya kamata in yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata, sannu da sanyi. Kafin komai, ajiye ledar nan tukuna, fitilar kuma bar ta a kwalinta. Abin da kike shirin yi shi na yi a hunturuna na farko a jihar nan. Na naɗe akurki da leda kamar ana naɗe alala, ko kafar allura ban bari ba, na kwanta ina jin na yi wa kaji gata. Bayan kwana biyar na ɗaga kai a cikin akurkin, na ga kan kowace ƙusa ta rufin ya yi fari fat da ƙanƙara, katakon yana ɗigar ruwa, bakin zankon zakarana kuma ya fara baƙi. Sanyin waje bai kai ya yi masa haka ba. Laimar da na kulle su da ita ce ta yi.

Mu da muka taso a gida muna da dalilin jin tsoro. Da hunturu ya kama a Funtua ko Maraɗi sai kajin unguwa su fara zubewa, a ce sanyi ya kashe su. Galibi ba sanyin ba ne, annobar nan ce da likitocin dabbobi ke kira Nukasil, wadda ke tashi a daidai lokacin. Sannan mun saba ganin masu kajin gidan gona suna rufe ɗaki da leda su ajiye tukunyar gawayi. Wannan na 'yan tsaki ne, waɗanda ba su yi gashi ba, suna bukatar ɗumin da ya haura digiri 30 a makonsu na farko. Babbar kaza wata aba ce daban. Zafin jikinta yana kai digiri 41, ya ɗara namu da kusan huɗu, ga lallausan gashi a ƙarƙashin na sama. Idan kika gan ta ta kumbura ta yi tim kamar ƙwallo, bargonta ta ja, iska ce ta tara a cikin gashin ta ɗumama ta da jikinta. Zafin Yuli ya fi ba ta wuya fiye da sanyin Oktoba. Abu biyu ke karya wannan bargo: jiƙewa, da iskar da ke kaɗa gashin tana buɗe shi.

To ina laimar ke fitowa a akurkin da ruwa ba ya zuba? Daga kajin kansu. Numfashinsu tururi ne, kashinsu kuma kusan kashi uku cikin huɗu ruwa ne, kuma da dare suke zubar da mai yawa a ƙarƙashin inda suke kwana. In ɗakin a toshe yake, tururin ya tashi, ya rasa hanya, ya dawo ya kwanta a zanko da leɓatu da yatsu, inda babu gashi. Da asuba sanyi ya daskarar da shi a kan fatar. Ga kuma warin kashin nan mai yaji, amoniya, da ke cin idonsu da hanyar numfashi. Gwajin ba shi da wuya. Gobe da sassafe, kafin ki bar ƙofa ta daɗe a buɗe, durƙusa ki kai hancinki daidai tsayin kan kaza. In warin ya soki idonki, ko kika ga gilashin taga ya yi gumi ta ciki, iska ba ta isa ba.

Saboda haka kafar iska a sama take, can ƙarƙashin rufi, sama da kawunansu in suna zaune a kan sanda. Ki bar ta a buɗe dare da rana, har a tsakiyar Janairu. Sai dai ki rufe ta da ragar ƙarfe mai ƙananan idanu, irin ta rabin inci, don akwai wasu 'yan dabbobi masu siffar tunku a nan da ke kurɗawa ta ramin da ba za ki taɓa zato ba, kuma ɗaya ya isa ya gama da kaji shida a dare guda. Ƙasa kuwa, daidai inda suke kwana, nan ake toshewa. Iskar hunturun nan daga arewa maso yamma ta fi kaɗowa, wannan gefen za ki fi bi da kyau. Ki riƙe gashin kaza guda a daidai sandar kwanansu ƙofa a rufe. In yana rawa, iska na shiga ta inda bai kamata ba. Kada dai ki gwada da kyandir a ɗaki mai ciyawa.

Sandar ma a duba ta. In bututun ƙarfe ne ko siririn reshe, canja. Nemi katako mai faɗin tafin hannu, irin wanda masu gini a nan ke kira biyu-da-huɗu, ki kwantar da faffaɗan gefen yana kallon sama. A kan siririn abu kaza na damƙe shi ne, yatsun su leƙo waje. A kan faffaɗa kuwa tana shimfiɗa ƙafar ta zauna a kai, gashin cikinta ya rufe yatsun ruf. A ƙasa ki zuba busasshiyar dusar katako ko karan alkama mai kaurin kamu ɗaya. Ni nakan sa wani allo a ƙarƙashin sandar, kullum da safe in kankare kashin daren in fitar. Aikin minti biyu ne, amma shi ke fitar da yawancin laimar.

Yanzu fitilar. Ƙwan nan mai jan haske na wat 250 yana yin zafin da zai kama busasshiyar ciyawa, a ɗakin da ƙura ke tashi, gashi na yawo, kaza na iya firgita ta buge shi da fiffike. Duk hunturu sai an ji akurki ya ƙone, wani lokacin har da garejin da ke jingine da shi. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Akwai kuma illa ta biyu da ba a cika lura da ita ba. Kazar da ke kwana cikin ɗumi jikinta ba ya sabawa da sanyi, kuma irin wannan dusa ta farko mai nauyi ita ce ke karya rassa su faɗa kan wayoyin lantarki. Wuta ta ɗauke da tsakar dare, ɗakin ya faɗo daga ɗumi zuwa daskarewa cikin sa'a biyu. Gara tun yanzu su bi sanyin sannu a hankali. Ban ce ba a taɓa sa ɗumi ba. A ƙarshen Janairun 2019 sanyi ya kai digiri 33 ƙasa da sifili a Miniyapolis, birni mafi girma a jihar, da kewaye. Irin wannan daren nakan kunna faifan ɗumin nan da ake mannawa a bango, wanda ba shi da ƙwan fitila kuma ba ya yin ja, tsohuwar kaza ko marar lafiya kuma in sa ta a kwali a gareji. Gawayi kam, ko da wasa. A rufaffen wuri hayaƙinsa marar wari zai kashe su, zai iya kwantar da ke ma.

Kajin nan biyu da gashinsu ke zuba su ne abin lura a makon nan. Ba ciwo ba ne. Kazar da ta haura shekara takan sake gashi da kaka, in rana ta fara gajarta, to dusar ta zo ta same su rabi tsirara. Gashi kusan dukansa furotin ne, shi ya sa mai sake gashi take daina ƙwai, ba za ta iya biyu a lokaci guda ba. Ki canja musu abinci zuwa mai furotin kashi 18 zuwa 20 cikin ɗari maimakon na masu ƙwai mai kashi 16, ki ajiye garin ɓawon kawa a kwano daban don masu yin ƙwan. Dafaffen ƙwai da aka farfasa ma yana taimakawa. Kada ki riƙa ɗaukarsu, sababbin tsirin gashin nan masu kama da ƙaya suna da jini a ciki, taɓa su na yi musu zafi. Kada kuma ki saƙa musu riga, na ga masu yi. Rigar tana danne gashin da ya rage ya kasa kumbura. Da dare leƙa ki tabbatar suna tsakiyar 'yan'uwansu a kan sanda, ba a ƙasa a lungu ba.

Ƙin fitowarsu kuwa ba abin damuwa ba ne. Kaza ba ta yarda da baƙon abu, jiya ƙasa baƙa ce, yau fara. Kuma tsayuwa cikin dusa na jiƙa ƙafa. Ki share musu fili da shebur, ki watsa karan alkama ko busasshen ganye a kai, ki yafa ɗan tsaki. Ɗaya mai ƙarfin hali za ta miƙo wuya, ta ɗaga ƙafa ɗaya ta daɗe tana shawara, ta sauko. Sauran za su biyo. Ki buɗe ƙofa kawai, kada ki kore su.

Ga inda ledarki za ta yi amfani, ba ta yi asara ba. Ki kewaye shingen da suke wuni a ciki da ita, musamman gefen arewa da yamma, ki bar tazarar kamu guda a sama. In mai haske ce rana za ta ratsa, wurin ya zama busasshe marar iska. A ciki ki ajiye tsohuwar taya ko baho cike da yashi da tokar itace, don ƙasa na dab da daskarewa, ba za su sami wurin birgima ba, ƙwarƙwata kuma ba ta hutun hunturu. Ki sa musu ƙananan tsakuwa a gwangwani, da su ƙundu ke niƙa hatsi, yanzu ba za su tsinta a ƙasa ba. In saman shingen raga ce kawai, fita yau ɗin nan ki kakkaɓe ta. Dusar farkon hunturu jiƙaƙƙiya ce, tana manne wa raga ta toshe idanunta, ta yi nauyin da zai lanƙwasa sanduna ya rufto.

Ruwa shi ne wahalar da za ki yi ta sha har Maris. Kaza na iya shan kusan rabin lita a rana, ƙwai kansa kashi uku cikin huɗu ruwa ne, in ta wuni da ƙishi za ta rage cin abinci, in ta rage ci ɗumin jikinta ya ragu. Cin dusar ƙanƙara ba ya maye gurbinsa. Mafi sauƙi ki sayi mazubin ruwa mai ɗumama kansa, ki jona shi a soket ɗin waje mai yanke wuta da kansa in ruwa ya taɓa, da waya irin ta waje. In babu, nemi baƙin kwanon roba mai lanƙwasuwa guda biyu. Wanda ya daskare ki kife shi ki taka, ƙanƙarar ta faɗo, ki kawo ɗayan da ruwa mai ɗumi, safe da la'asar. A waje za ki ajiye ruwan, cikin shinge. Ba sa sha da dare, barinsa a ɗakin kwana ƙarin laima ne kawai.

Za ki ga cinsu ya ƙaru, ki bar abinci a gabansu. Dab da magariba ki watsa musu tafi guda na fasasshiyar masara su kwana da ita a ciki, amma kada ta wuce kashi ɗaya cikin goma na abincinsu, in ba haka ba su yi kitse su bar abin da ke gina su. Na san zuciya za ta raya miki ki dama musu kunu mai zafi. Na yi. Suna tsoma baki leɓatunsu ya jiƙe, su juya cikin iska ya daskare. In za ki ba su jiƙaƙƙen abu, a ranar da sanyi ya sassauta, kuma da kauri.

Raguwar ƙwai ba ta dusar ba ce, ta haske ce. Kaza na son haske na sa'o'i 14 kafin ta riƙa yi a kai a kai. A Kano rana mafi gajarta ba ta kasa sa'o'i 11 ba, shi ya sa ba mu san wannan ba a gida. A nan kuwa, wajen 21 ga Disamba, hasken bai cika sa'o'i 9 ba. Wasu na sa ƙaramin ƙwan lantarki marar zafi ya kunnu da asuba ya cike gibin. In za ki yi, da asuba ba da dare ba, kada ya mutu farat ɗaya ya bar su a ƙasa cikin duhu ba su hau sanda ba. Kuma ki jira masu sake gashin su gama. Ni dai nakan bar nawa su huta, zuwa Fabrairu da kansu suke dawowa. Ɗan ƙwan da suka yi ki kwashe sau biyu a rana, yana daskarewa ya tsage. Wanda ya tsage har kashi ya taɓa shi, zubar.

In duk da haka kika ga bakin zanko ya yi fari-fari ko toka-toka, daga baya ya yi baƙi, sanyi ya ci wurin. Kada ki murza, kada ki kanga shi a wuta, kada ki yanke. Baƙin wurin yana kare naman da ke ƙasa, da kansa zai bushe ya faɗi. In ƙafa ce, shigo da ita ki tsoma cikin ruwa mai ɗumin jiki na kamar minti 20, kuma kada ki mayar da ita waje ta sake daskarewa, wannan ya fi na farko ɓarna. In ya kumbura ko yana ruwa, sai likitan dabbobi. Shafa basilin da ake ta faɗa, ni ban ga ya hana komai ba a sanyi mai tsanani. Irin kazar ma na da tasiri: Leghorn mai dogon zanko ta fi shan wuya, Wyandotte mai kwantaccen zanko ba ta cika damuwa ba. Akwai ma wata, Chantecler, da wani ɗan zuhudu ya samar a Oka ta lardin Kwibek a Kanada a farkon ƙarni na 20, da gangan ya mai da zankonta ɗan mitsitsi saboda wannan matsala. In za ki ƙaro kaji baɗi, ki dubi kai kafin ki dubi launi.

Lambu kuma, gaskiya ɗaya ce: kuɓewa, tattasai da tumatir sun tafi. 'Yan ƙasar zafi ne, daren farko da ruwa ya daskare a ganyensu ya gama da su. Ki tsinke tumatirin da ya rage. Wanda ya yi laushi ya yi kamar gilashi, na juji ne. Ɗanye mai tauri ki jera a kwali cikin ɗaki, ba a firji ba, zai nuna a hankali, in kin sa ayaba ko tuffa a ciki ya fi sauri. Tattasai ki yanka ki daskarar ko ki busar. Kabeji da karas kuwa kada ki yi musu kuka. Dusar da ta rufe su bargo ce, yawancinta iska ce, kuma sanyi na ƙara musu zaƙi don suna tara sukari su kare kansu. Kabejin ki yanke kafin daskarewa mai tsanani. Karas ki lulluɓe da karan alkama, ki haƙe su kafin ƙasa ta zama dutse, wanda a nan yakan faru daga ƙarshen Nuwamba zuwa Disamba. In kina da niyyar tafarnuwa, har yanzu da sauran dama muddin shebur na shiga ƙasa: a nan da kaka ake shuka ta, a rufe da ciyawa, a cire a Yuli.

Ƙananan itatuwan da ganyensu bai gama zuba ba su ne dusar ke karyawa. Ki sa tsintsiya daga ƙasan reshe ki ɗaga sama a hankali. Kada ki buga daga sama, in kuma ta riga ta zama ƙanƙara bar ta ta narke. Cire tiyon ban-ruwa ki tsiyaye shi, ki kashe famfon waje daga cikin gida, in ba haka ba bututun zai fashe a cikin bango. Tukwanen ƙasa ki juye su ki shigar, suna tsagewa. Gishirin da ake watsawa a hanya don narkar da ƙanƙara kada ya kusanci inda kaji ke takawa ko inda kike shuka. Yashi ya isa.

Sau da yawa dusar Oktoba ba ta zama, takan narke cikin kwanaki. Ranar 20 ga Oktoban 2020 ta zuba kusan santimita 20 a Miniyapolis, farkon Nuwamba kuma aka yi ɗumi kamar ba a yi ba. Amma kada ki dogara da haka. Tsofaffin jihar har yau suna ba da labarin wadda ta fara ranar 31 ga Oktoban 1991, ta tara sama da santimita 70 a birnin cikin 'yan kwanaki, a garin Duluth da ke arewacin jihar sama da 90. In ta narke, kwanakin nan su ne rabonki. Ki tuge karan tumatir ki fitar, sannan ki saki kajin cikin lambun su tone tsutsotsi da irin ciyawa, ban da inda kika sa tafarnuwa. Tsohuwar shimfiɗar akurki da kashinta ki baza a kan kunyoyin da babu komai. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone shuka kuma yana ɗauke da ƙwayoyin cuta, ƙa'idar da manoma ke bi a nan ita ce a bar kwana 120 tsakanin zuba shi da girbin abin da ke taɓa ƙasa. Wanda kika zuba yanzu ya wuce haka nesa kafin baɗi.

Sai dai ki kula da sama in kin sake su. Ganye ya zube, kaza a kan farar ƙasa shaho na hango ta daga nesa. Kuma yanzu ne agwagin daji da dinya ke ratsa jihar zuwa kudu, su ke yawo da murar tsuntsaye, wadda tun 2022 take yi wa gonakin talo-talon Minesota ɓarna. Kada ki rataya abincin tsuntsayen daji kusa da shinge, ki ware takalmi guda na shiga wurin kaji kawai. In kika ga kaza biyu ko uku sun mutu farat ɗaya ba dalili, kada ki yanka sauran ki ci, ki kira hukumar lafiyar dabbobi ta jiha.

Yau da dare bayan isha'i, ɗauki tocila ki je. Kada ki haska musu ido, haska ƙasa. Ki ƙirga su a kan sanda, ki ga yatsu sun ɓace cikin gashi. Ki shafa ƙasan wuyan ɗaya ta dama, ki ji jakar abincinta a cike kamar ƙullin gyaɗa. Sannan ki zura hannunki mai sanyi ƙarƙashin fiffikenta. Za ta yi ɗan gunaguni, amma za ki ji ɗumin da ke wurin, ki koma ki yi barcinki.